Ƙerana Biyu a Bayan Ɗaki

Kimberley, 18 ga Nuwamba, 1996

Gwaggo Nocawe,

Ina gaishe ki gaisuwar 'yar da ta daɗe ba ta leƙo gida ba, ta kuma san ta yi laifi. Yaya gwiwar nan? Kina shafa maganin da na aiko, ko kin ɗora shi a kan kabad kina jira ya yi miki aiki daga can? Ni da mijina Mandisi lafiyarmu lau, sai zafin gari da aikin asibiti da ba ya ƙarewa.

Ki zauna tukuna kafin ki karanta sauran. Bana ba za mu zo Kirsimeti ba. Bakin teku za mu je hutu.

Zukiswa, ƙawata da muke jinya a ɗaki ɗaya, ita ta haɗa tafiyar. Kin tuna ta, doguwar nan mai dariya kamar ana buga kwano, wadda ta cinye miki rabin kaza a bikina. Mu takwas ne, ma'aikatan jinya da mazajensu. Mun kama ɗakuna a Port St Johns na mako uku, daga bakwai ga Disamba. Kullum da safe za mu riƙa bin gaɓar teku da ƙafa, daga baya kuma akwai doguwar tafiya ta kwana huɗu, ƙauye zuwa ƙauye, muna kwana a gidajen mutane.

Gwaggo, shekarata talatin da huɗu, ban taɓa ganin teku ba sai a jikin kalanda. Abin kunya ne, kuma laifinki ne, ke da kika rene ni kamar gishiri, kar ruwa ya taɓa ni. Duk 'yan matan Tsomo suna tafiya rafi da bokiti a ka, ni kin zaunar da ni a bayan ɗaki, tsakanin itatuwan ƙeranar nan biyu, ina murje masara. Har yau in na haɗu da 'yan ajinmu, Gimbiya suke ce mini.

Tun da labarin tafiyar ya bazu, mutum shida sun kawo mini kwalabe in ɗebo musu ruwan teku, kowa da ciwon da zai wanke. Ke ma in kina so ki faɗa, in sa miki har da ɗan yashi a gindin kwalbar kamar yadda ake yi. Adireshin masaukin yana bayan takardar nan. Kar ki yi fushi, da Ista za mu zo, na yi alkawari.

'Yarki,
Bulelwa


Tsomo, 3 ga Disamba

Bulelwa,

Takardarki ta yi kusan mako biyu tana barci a kantin da ake ajiye mana wasiƙu, buhun sukari ya danne ta, sai jiya matar mai kantin ta tuna da ni. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Tumaki lafiya, an samu ruwa, masara ta kai ƙugu. Gaisuwa ta ƙare ke nan.

Kada ki je.

Na rubuta shi shi kaɗai don kar ki ce rubutuna ne ba ki gane ba. In hutu kike so, duwatsu sun ƙare ne a ƙasar nan? Ga gida, ga inuwa, ga kindirmo. Me kika ajiye a teku da za ki je ɗaukowa?

Amma na san halinki, kan babanki gare ki. Na kuma san kafin wannan ta kai Kimberley kin tashi, shi ya sa na aika ta can masaukin. To, ki saurare ni da kyau. A cikin ambulan ɗin nan akwai sulen azurfa na da, tun kafin a canja kuɗi. Ba na kashewa ba ne. Shekara talatin da huɗu yana kwance a gwangwanin allurata. Kafin ƙafarki ta taɓa ruwan nan, ko da kumfarsa ce, ki tsaya daga nesa ki jefa sulen a ciki, ki faɗi sunanki da sunan gidanmu da ƙarfi yadda ruwan zai ji ki. Ke za ki jefa da hannunki, ba Mandisi ba, ba mai dariyar nan ba. In ba ki jefa ba, kar ki kusanci ruwan, ko wa ya ja ki.

Kar ki tambaye ni dalili. Na yi wa babanki alkawari a kan wata magana, ya kuma mutu bai sake ni ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne, tun jiya tsoro nake ji irin wanda ban ji ba tun kina jaririya.

Ruwan teku kuwa, kar ki kawo mini ko ɗigo. Ba na son sa a gidana.

Ki gaida Mandisi, ki ce masa na ba shi amanarki, in kuwa ya dawo mini ba ke, kar ya dawo. Ki rubuto ranar da wannan ta same ki, ki ce mini kin jefa. Kalma biyu ta ishe ni.

Gwaggonki,
Nocawe


Port St Johns, 11 ga Disamba

Gwaggo,

Mun sauka lafiya, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mandisi yana gaishe ki, ya ce amanar ta yi masa nauyi, tunda amanar ba ta jin magana.

Wasiƙarki ta iso jiya, amma sulenki bai iso ba. Ya huda kusurwar ambulan ya yi tafiyarsa, sai shatinsa da ya bari a jikin takardar. Kin sa shi haka tsirara, ko ƙyalle ba ki naɗe shi da shi ba, ke da kika yi shekara arba'in kina ɗinki! Kuma ko da ya iso, ya makara. Ranar da muka zo, ko jaka ban kwance ba Zukiswa ta ja ni da gudu har cikin ruwa iya gwiwa. Ga ni nan, ban narke ba.

Na gane abin da ke damunki. Fushi kike yi don ba mu zo Kirsimeti ba, kin rasa ta inda za ki ɓullo sai kika biyo ta teku. Na san akwai masu jefa wa mutanen ruwa kuɗi, amma ke, da kike gaba-gaba a zumuntar matan coci? Da Baba yana da rai, da kin sha wa'azin awa biyu.

Sai dai ban iya yi miki ƙarya a takarda ba. Wurin nan yana da kyau, kuma yana ba ni tsoro. Garin ba ya riƙe fuska ɗaya na awa guda. Mu fita da safe rana tana ƙona wuya, shanu na kwance a kan yashi suna tuƙa, kafin mu zagaya dutse ɗaya iska ta juyo da sanyi, ruwan da yake shuɗi ya koma kalar toka.

Shekaranjiya muna bin wata siririyar hanyar shanu a saman dutse, teku tana can ƙasa ƙwarai. Na tsaya ɗaure igiyar takalmi, sauran suka yi gaba kaɗan. Kafin in ɗago, hazo ya taso daga ruwan ya rufe komai, ko hannuna ba na gani sosai. Na miƙe na yi 'yan taku. Ina jin ruwa yana dukan dutse, amma na kasa gane ta wane gefe yake, kamar ya zagaye ni. Na ƙwala wa Mandisi kira, muryarsa ta zo daga inda ban zata ba.

"Kar ki motsa! Bulelwa, don girman Allah zauna a inda kike!"

Na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ban san tsawon lokacin ba. Da hazon ya yaye, taku uku ne tsakanina da bakin dutsen, kuma wajen ruwan nake fuskanta, alhali zan iya rantsuwa baya na ba shi.

Zukiswa ta iso tana haki, ta ce, "Gimbiya, in faɗawa za ki yi, ki bari in karɓi takalman nan tukuna, ƙafata suka fi dacewa da ita." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma da ta kama hannuna, nata ya fi nawa sanyi.

Kar wannan ya tayar miki da hankali, hazo ne kawai. Ranar sha bakwai za mu kama doguwar tafiyar. Akwai koguna uku da za mu haye a inda suke shiga teku, biyu a kwalekwale, na ukun da ƙafa idan teku ta janye. Mai yi mana jagora ya ce ruwan ba ya wuce ƙugu. In mun dawo zan rubuto miki, in ba ki labarin yadda Gimbiyarki ta haye kogi.

Wace magana ce kika yi wa Baba alkawari a kanta? Kin bar ni da ita tana yi mini yawo a kai.

Bulelwa


Tsomo, 17 ga Disamba

Bulelwa,

Yau sha bakwai. Yau takardarki ta zo hannuna, yau kuma kika ce za ku tashi. Ina rubutun nan a tsaye a kan teburin kanti, na san ba zai same ki ba sai kin dawo, amma in ban rubuta ba zan yi ihu a gaban mutane.

Fushi? Ni zan yi fushi a kan naman Kirsimeti? Yarinya, kin yi karatu har kin iya sa wa mutum allura, amma ba ki iya karanta takardar gwaggonki ba.

Sulen kuwa laifina ne. Na rasa hankalin da zan naɗe shi, hannuna ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ga wani farin kuɗi, na ɗinke shi a ƙyalle ta ko'ina. Ba na azurfa ba ne, shi na samu.

Kwana uku ke nan ana ruwa a nan ba ƙaƙƙautawa. Rafinmu ya cinye gadar katako. Jagoran naku da ya ce iya ƙugu, ya san abin da ke sauka a kan tudu? Duk ruwan nan ina kike tsammani yake zuwa? Wajenku yake gangarowa, ko da rana ce ƙwal a kanku.

Jiya da la'asar aka yi iska da ƙanƙara. Ɗaya daga cikin ƙeranar bayan ɗaki ta tsage gida biyu, farin ruwanta yana ta zuba ƙasa. Na tsaya a cikin ruwan sama ina riƙe da reshen kamar mahaukaciya, ina neman mayar da shi.

Ki dawo. Kar ki haye kogin nan. Ya Ubangiji, ka sa ƙafarta ta yi ciwo, ka sa ta yi faɗa da mijinta, ka sa komai, kar dai ta haye.

Nocawe


Tsomo, 22 ga Disamba

'Yata,

Ban san ko akwai mai karanta wannan ba.

Shekaranjiya da rana ina tankaɗe gari, rediyo ya ce ambaliya ta tafi da mace ɗaya cikin wasu matafiya a bakin wani kogi kudu da Port St Johns. Ya ce ma'aikaciyar jinya ce daga Kimberley, ba a ga gawarta ba, ba za a faɗi suna ba sai an sanar da dangi. Daga nan ya wuce maganar ƙwallo. Na je ofishin 'yan sanda da gwiwar nan, suka ce ba a aiko musu da komai ba. Tun ranar ina zaune a ƙofa, duk motar da ta rage gudu a hanya sai in ce masu sanar da dangi ne.

Na riƙe alkawarin mamaci na saki mai rai. To, yau na karya shi, ya same ni a can mu yi shari'a.

Bulelwa, ba ke kaɗai aka haifa ba. Ku biyu ne, duka mata. Ke kika fara fitowa, ita ta biyo bayan rabin awa, 'yar ƙarama, ba ta kai ki ƙarfin kuka ba. Ni na karɓe ku da hannuna. A ranar na dasa ƙerana biyu a bayan ɗaki kamar yadda ake yi wa tagwaye, kowace da tata. A rana ta uku jini ya tafi da mahaifiyarku da safe, ƙanwarki ta bi ta kafin azahar.

Tsofaffi suka zo suka ce a yi abin da aka saba. In ɗan tagwaye ya mutu, sai an fara kwantar da mai ran a cikin ramin na ɗan lokaci, a ɗauko shi, sannan a sa mamacin, don su rabu da sanin juna, kar wanda ya tafi ya yi ta kiran wanda ya rage. Babanki yana sabon mai wa'azi lokacin, ga mata ta mutu, idonsa ya rufe. Ya ce ba mai sa 'yarsa mai rai a kabari. Ya kori tsofaffin da sanda. Ya sa na dafa Littafi Mai Tsarki na rantse cewa ke kaɗai aka haifa, ba za ki taɓa jin wani abu dabam ba. Ƙeranar ma ya so sarewa, na ce shinge ne na yi wa kaji.

Ban ga laifinsa ba a ranar. Ni ma da na dube ki, ban ga yadda zan sa ki a rami ba. Amma tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. An ce ruwa yana son tagwaye, ya fi son wanda ɗan'uwansa ya riga shi tafiya, kuma babba a cikin ruwaye ita ce teku, shi ya sa ɗan tagwaye ba ya tunkarar ta sai ya jefa farin kuɗi ya gabatar da kansa. Ban sani ba ko gaskiya ne. Na je coci shekara sittin, har yau ban sani ba. Abin da na sani, ban iya gwadawa da ke ba. Shi ya sa na ɗauki bokiti da kaina har bayana ya lanƙwashe, ana ce mini mai shagwaɓa 'ya. Sulen nan na mahaifiyarku ne da ta ƙulle a bakin zanenta, don ranar da za ta kai ku teku.

Da na faɗa miki wannan a wasiƙar farko, da kin tsaya. Ke mai gardama ce, amma ba wawuya ba ce. Na ba ki umarni ba dalili kamar 'yar shekara biyar, kika yi dariya, kuma kina da gaskiya.

In Mandisi ne ke karantawa: ɗana, ban riƙe ka da komai ba, maganar da na yi a baya tsoro ne. Ka zo ka faɗa mini da bakinka, kar ka bar ni da rediyo.

Nocawe


Port St Johns, 30 ga Disamba

Gwaggo,

Ina da rai. Mandisi ma lafiyarsa lau. Ya buga waya kanti ranar ashirin da huɗu ya bar miki saƙo, ban sani ba ko ya iso ki. Zukiswa ce ruwa ya tafi da ita.

Wasiƙunki biyu na same su shekaranjiya a masauki. Abin da ke cikin ta biyun, na riga na ji rabinsa a bakin wata mata da ba ta taɓa ganin ki ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi, a jere, don in na tsallake wani wuri ba zan iya komawa ba.

Kwana biyun farko lafiya lau, mun haye koguna biyu a kwalekwale. Muka kwana a gidan wata dattijuwa, Mama Nozukile, a kan tudun da ke kallon kogi na uku. Da safe gari ya waye tas, ko gajimare babu. Muna shan shayi a tsakar gida, Zukiswa ta ce, "Gimbiya, nuna wa Mama wasiƙar gwaggonki mai taga, wadda sule ya huda." Na ciro ambulan ɗin, muna dariya, na karanta musu wajen sulen da muryarki. Ki yafe mini wannan.

Mama Nozukile ba ta yi dariya ba. Ta ajiye butar shayi ta ce, "'Yata, ɗan'uwan haihuwarki yana ina?"

Na ce, "Ni kaɗai ce, Mama."

Ta ce, "A'a. Ba a ajiye wa mutum ɗaya sule shekara talatin. Kina zuwa rafi kina yarinya?"

Zukiswa ta ce, "Wannan? Ko kofi ba a bari ta ɗauraye a rafi."

Matar ta dube ni ta ce, "A bayan ɗakinku akwai ƙerana. Guda nawa?"

Gwaggo, na buɗe baki in ce biyu, sai na gane. Na zauna a kan turmi. Duk shekarun nan suka taso mini lokaci ɗaya, yadda kike ba su ruwa da rani kafin ki ba kabeji, yadda kika mare ni ranar da na yanki ɗaya da wuƙa, ke da ba ki taɓa dukana ba.

Jagora ya ce a tashi, teku ta janye, in an yi jinkiri za ta dawo. Na ce ba inda za ni. Ba tsoron ruwa ne ya zaunar da ni ba, kar ki ɗauka haka. Fushi ne. Ji nake in na motsa zan fashe. Mandisi ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce, "Saboda maganar tsohuwar da ba ta san ki ba za ki ɓata wa mutum bakwai tafiya?" Na ce ya tafi. Ya jefar da jakarsa ya zauna can nesa da ni yana huci. Mama Nozukile ta ce wa jagoran ruwan kogin ya canja kala tun jiya, a jira. Ya ce ya haye shi sau ɗari.

Zukiswa ta dafa kaina ta ce, "Zauna ki huce, Gimbiya. In kin ga dama gobe ki biyo mu, zan ajiye miki gado mai kyau." Ta gangara tana waƙa.

Daga kan tudun muna ganin su ƙanana, su shida da jagora, riƙe da igiya. Ruwan iya ƙugu ne, kamar yadda ya faɗa. Biyar sun haye. Tana tsakiya sai muka ji wani ruri daga cikin kwarin, Mama Nozukile ta miƙe tana ihu tana kaɗa zane. Jan ruwa ne ya zo, da itatuwa a cikinsa, a ƙarƙashin rana ƙwal, ruwanku na kan tudu. Na ga jar hularta sau biyu. A jerin da muka saba tafiya, ni nake bin bayanta.

Kwana biyar muna bin gaɓa muna nema, a rana, a ruwa, a hazo. Ranar jajibirin Kirsimeti masunta suka same ta. Ni na wanke ta. Mijinta ya tafi da ita gida, mu ma gobe za mu bi su.

Akwai abin da sai na faɗa. Tun ranar ashirin da biyu muka samu inda ake buga waya, Mandisi ya ce a sanar da ke, na hana shi. Na ce ta yi shekara talatin da huɗu tana shiru, ta ɗanɗana na kwana biyu. Ban san kin ji rediyo ba. Sai da na karanta wasiƙarki na ga abin da na yi miki.

Kar ki ce mini sule ne, ko ƙerana, ko kira. Zukiswa ba 'yar tagwaye ba ce, ruwa bai tambaye ta ba. Amma kuma da ba ki aiko sulen ba, da bai huda takardar ba, da ba mu yi dariyarsa a gaban matar nan ba, da ina riƙe da igiyar. Na juya shi ta kowane gefe, na kasa samun inda zan tsaya.

Jiya da safe na farke ƙyallen da kika ɗinke. Na je bakin ruwa ni kaɗai, ko da yake yanzu ko ƙararsa ba na son ji. Na jefa. Na faɗi sunana da na gidanmu da ƙarfi, kamar yadda kika ce. Sai na ji akwai sauran suna ɗaya, na tsaya baki buɗe, ba ni da shi.

Kin rubuta shafi uku ba ki faɗe shi ba. An sa mata suna? Ina aka sa ta? Kuma ƙeranar da ta tsage, ta wace ce?

Bulelwa


Tsomo, 8 ga Janairu, 1997

Bulelwa, 'yata,

Na ga rubutun hannunki, na sumbaci takardar a gaban matar mai kanti, ta ɗauka na taɓu. Saƙon Mandisi sai ranar ashirin da bakwai ya same ni, don sun rufe kanti sun tafi biki. Kwana bakwai na yi ina makokinki. Kwana biyun da kika ƙara mini, na karɓa, ban biya ko rabin abin da na yi miki ba. Kar ki sake tayar da maganar.

Yarinyar nan mai dariya, na sa an yi mata addu'a a coci ranar Lahadi. Ina ta tuna yadda na harare ta a kan rabin kaza. Ki aiko mini adireshin mahaifiyarta, ina da abin da zan ce mata, mu da muka zauna a ƙofa muna jiran mota ɗaya.

Ba zan ce miki sule ne ba. Ni ma ban sani ba, na kuma gaji da yin kamar na sani.

Ƙeranar da ta tsage taki ce, ta hannun dama. Shi ya sa na haukace. Ba ta mutu ba, tsagin ya bushe, reshen da ya faɗi kuma na dasa shi a gefe, ya fara kamawa.

Babanki bai sa mata suna ba. Ni na sa mata, a kunnenta, da safen ranar da ta tafi. Sunanta Bukeka. Ban taɓa faɗar sa da ƙarfi ba, ban taɓa rubuta shi ba sai yau, ga shi hannuna ya karkace a kansa.

Kar ki jira Ista. In akwai sauran ruwan teku a kwalaben mutanen nan, ki roƙi ɗaya ki zo mini da ita, na janye maganata. Mahaifiyarku ta so kai ku ku biyu, ke kin je, sai mu kawo wa Bukeka nata.

Ba sai na nuna miki wurin ba, kin fi kowa sanin sa. Tana tsakanin ƙeranar biyu, ƙarƙashin faffaɗan dutsen da kike zama kina murje masara. Ba don rafi kaɗai nake zaunar da ke a can ba. Ta tagar ɗakin girki nake leƙowa, in gan ku tare.

Gwaggonku,
Nocawe